Koyon Sana'ar Lantarki: Ina Aka Baro Zane?

Tun da Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya ƙaddamar da shirin koyar da sana'o'in fasaha kyauta a 2025, hirar majalisun matasa a unguwar Gyallesu da ke Zariya ta tsaya kan alawus da kayan aiki. Jama'a sun ɗauka aikin lantarki bai wuce filaya da sukundireba da ƙarfin halin hawa fal ba. Mai wannan tunani bai taɓa tsayawa kan mai gyaran inbata ba, ya ga yadda yake cire aisi (IC) ya sa sabo, ya sake cirewa, yana lalube har kuɗin mai kaya su ƙare. Ba hannu ya rasa ba, karatun zane ya rasa.

Zanen da'irar lantarki taswira ce ta abin da ya haɗu da abin da bai haɗu ba. A manhaja irin su KiCad ko Proteus, layi biyu na iya gitta juna ba su haɗu ba, sai an ɗora ɗigo a mahaɗar. Akwai kuma haɗi na suna: ka rubuta GND a ƙafar wannan aisi, ka rubuta GND a ƙafar wancan, manhaja ta ɗauke su waya guda ko da babu layi tsakaninsu. Kuskure harafi ɗaya, haɗin ya yanke, alhali a ido zanen lafiya lau. Shi ya sa ake sa manhajar ta binciki zanen, ta nuno duk ƙafar da aka bari tana reto, kafin a kai ga narka dalma.

Abin takaici, Zariya ce garin da bai kamata a yi wa wannan bayani ba. Tun kafin samun 'yancin kai ake koyar da injiniyanci a Samaru, a tsohuwar Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, wadda a kan harabarta aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ɗaliban wancan zamani da fensir da rula suke zane, malami ya bi layi ɗaya bayan ɗaya da jan biro. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha, wadda aka kafa a 1977, hedikwatarta na nan Kaduna. Ga Kwalejin Nuhu Bamalli tun 1989. Shi kansa Gyallesu maƙwabcin harabar Kongo ta jami'ar ne, ɗalibai sun cika gidajen hayarsa. Duk da haka ilimin ya maƙale a bayan katanga, yaron shago na wajen ƙofa bai san da shi ba. Su ma wasu na cikin, a gaya wa juna gaskiya, sauke zanen aikin kammala karatu suke yi daga intanet, ba su iya faɗin inda kowace waya ta nufa ba.

Uzurin tsada ma ya faɗi. KiCad, wadda Jean-Pierre Charras ya fara a Faransa a 1992, kyauta ce, kuma tana aiki ba tare da data ba.

To, shugabannin sassan lantarki na Samaru da Nuhu Bamalli, me ya hana ku buɗe ɗakunan kwamfutarku ranar Asabar ga masu gyara na unguwa, a koya musu da Hausa? Ku kuma iyayen gida masu shaguna, kada ku yaye yaron da bai iya zana abin da ya haɗa ba.