Ƙaramin Gida Mai Ɗaukar Nauyin Kansa

A ƙasar Amurka akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi tun bayan rikicin kuɗi na shekarar 2008, sa'ad da mutane masu yawa suka rasa gidajensu saboda bashin banki. Watau sai mutum ya gina ɗan ƙaramin gida wanda faɗin cikinsa bai wuce murabba'in mita 37 ba, ya sa masa wuta ta hasken rana, da tankin ruwa, da makewayi, ba ya jiran layin lantarki ko famfon hukuma. Su can ganin dama ne. Amma a karkarar Nijar da Arewacin Nijeriya, inda ƙauyuka da yawa ba su taɓa ganin turken lantarki ba, tilas ce. Abin da ya rage kaɗai shi ne sanin yadda za a tsara gidan har ya ɗauki nauyin kansa.

Wannan tsari kuwa daga bango da rufi yake farawa, tun kafin a yi maganar sayen allon hasken rana, gama ɗakin da ya riƙe sanyinsa da kansa wuta kaɗan yake bukata. Magina na dā sun san haka. Bangon ƙasa mai kauri yakan sha zafin rana a hankali, ba ya sakinsa cikin ɗaki sai dare ya yi, iska ta yi sanyi. Inda wahala take shi ne rufi. Soro yana son azara, azara kuwa daga giginya ake tsage ta, ga shi giginya ta yi ƙaranci, tsadarta ta fi ƙarfin talaka. Dalilin ke nan mutane suka koma ga kwano, wanda yakan mai da ɗaki kamar tanderu da bazara, ya hana barci da ƙara in ana ruwa.

A shekarar 1980 wata ƙungiya mai suna Development Workshop ta kawo wata dabara ƙauyen Cikal na ƙasar Filinge a Nijar, watau gini ba da itace ba. Asalin dabarar daga Masar ne. Akwai rumbunan Fir'auna Ramsis na Biyu kusa da Luksor waɗanda aka rufe haka, sun haura shekara 3,000, har yanzu wasu suna tsaye. Wani gwanin tsara gini na Masar, Hassan Fathy, shi ya farfaɗo da ita wajen 1945, da taimakon magina Nubiyawa, kuma waɗanda suka kafa ƙungiyar nan sun yi aiki tare da shi.

Ga yadda ake yi. Akan ɗaga bangon ƙarshen ɗaki ya fi sauran tsawo, sa'an nan a riƙa jera ƙananan bulon ƙasa a kishingiɗe suna jingine da shi, layi bisa layi, kowane layi ya lanƙwasa kamar baka daga wannan bango zuwa wancan. Layin baya shi ke tallafe na gaba, saboda haka ba a bukatar azara, ko katako, ko ƙarfe. A shekarar 2000 wani magini Bafaranshe, Thomas Granier, da wani manomi ɗan Burkina Faso, Séri Youlou, suka kafa wata ƙungiya a garin Boromo, suka sauƙaƙa aikin yadda maginin ƙauye zai koya. A tsarinsu kaurin bangon gefe santimita 60 ne, faɗin ɗaki ba ya wuce mita 3 da ɗan ɗori, tsawo kuwa sai yadda mai gida ya so. Akan shimfiɗa leda a bisa rufin, a binne ta da ƙasa don kada ruwa ya ratsa. Ashe dabarar da kanta ƙaramin ɗaki take so.

Fuskar gida ma abin lura ce. Tagogi su dubi kudu da arewa, suna kallon juna don iska ta ratsa, a bar bangon yamma a rufe saboda zafin la'asar. Bangon gabas shi ke shan dukan hadari, shi ya fi bukatar yaɓe mai ƙarfi, irin makuba ta ɓawon ɗorawa.

In an gama wannan, sai maganar wuta. Allo mai ƙarfin wat 100 a rana irin ta ƙasar Hausa yakan tara abin da zai riƙe ƙwan fitila 4 na zamani tsawon awa 5, da ƙaramar fanka cikin dare, da cajin waya, har da saura. Amma na'urar sanyaya ɗaki guda ɗaya, mai cin wat 1,000, cikin rabin awa za ta cinye abin da allon ya wuni yana tarawa. Daidai ruwa daidai tsaki. Sai a riƙa share ƙurar hunturu daga fuskar allon, a ajiye batir a inuwa, domin zafi yana gajarta ransa.

Lissafin ruwa ba shi da wuya. Kowace milimita ɗaya ta ruwan sama a bisa murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 30, a ƙasar da take samun milimita 500 a damina, zai tara lita 15,000 in ba a yi asarar ko ɗigo ba. Gida mai mutum 5, kowa yana cin lita 20 a yini, kwana 150 ke nan ya ƙare. Saboda haka tanki mataimakin rijiya ne, ba ya maye gurbinta. Kuma ruwan da ya bi ta kan rufin ƙasa ya sauko ta indararo da laka yake zuwa. Gara a tare shi daga rumfar kwano da aka kafa a tsakar gida, a zubar da na farkon da ya wanke ƙura.

Makewayi kuma akwai irin wanda Peter Morgan ya ƙirƙiro wajen 1973 a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe. Bututu ne ake kafawa daga ramin ya zarce rufi, a ɗaure bakinsa da raga. Wari ya bi ta nan ya fita, ƙudaje su bi haske su maƙale a ragar su mutu. A nisanta ramin daga rijiya da kamar mita 30.

Amma fa ginin ƙasa yana da haƙƙi a kan mai shi. Rufin baka yana tura bango waje, don haka sai magini wanda ya koya, da harsashi na dutse, da wuri mai tudu. Damina ta 2024 ta rushe dubban gidaje a Nijar, har tsohon masallacin Damagaram ya faɗi. Wanda ya gina a kwari, ko ya bar yaɓe ya zaizaye shekara da shekaru, ko indararo ya toshe bai duba ba, kada ya ɗora wa ƙasa laifi. Aikin kwana biyu ne kafin faɗuwar ruwa, rigakafi kuwa ya fi magani.

Allah ya ba kowane magidanci inuwar da zai sa iyalinsa ba tare da bashi ba, amin.