Lissafin sau ɗaya da ya kayar min da kwamfuta

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu 'yan sashen kimiyyar kwamfuta, a zangon karatun da ya wuce na tafka wata kwaɓa da nake so in ba ku labarinta, don kada wani ya maimaita. Ƙaramin direba nake rubutawa na gwaji a Linux, a kan tsohon tsari mai bit 32. Sai wani abokina ya tura wa direban wata ƙatuwar lamba da gangan, nan take komai ya daskare. Kwana biyu ina laluben inda matsalar take, ashe a layi ɗaya ne tak, inda na yi lissafin sau.

Bari mu fara daga tushe. Kanel ita ce zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ita ke raba wa kowace manhaja lokaci da gurin ajiya a memori. Ta Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, ita ce a cikin duk wayar Android da ke aljihunmu. Idan manhaja ta yi kuskure, kanel ta kashe ta, a ci gaba da harka. Amma idan kanel ɗin ce da kanta ta yi kuskure, to wa zai tsawata mata? Babu kowa a samanta.

Direba na yana buƙatar jeri ne, wato gurabe masu girma ɗaya a jere, kowanne bayit 4. Mai amfani shi ke faɗin adadin da yake so, mu kira shi n. Sai na rubuta kmalloc(n * 4, GFP_KERNEL). A ido dai ba laifi: adadi sau girma.

Ga inda gizo ke saƙar. Kun san mitar kilomita ta tsohuwar mota, idan ta cika 99999 sai ta koma 00000. Haka lamba take a kwamfuta. A tsari mai bit 32, lamba mafi girma da gurbin zai ɗauka ita ce 4,294,967,295. Abokina ya tura 1,073,741,825. Ka yi sau 4, ka samu 4,294,967,300. Ta haura iyaka, sai ta zagayo ta koma 4. Ka ga kanel ta ba ni bayit 4 kacal, ni kuwa direba na ya ɗauka yana da gurabe sama da biliyan ɗaya. Ya cika na farko, ya zarce yana rubutu a kan kayan maƙwabta. Ambaliya ke nan.

Ni da sauƙi, daskarewa kawai tawa ta yi. Mai kutse da ya san hannunsa ba haka zai yi ba. Zai zaɓi abin da za a rubuta da inda zai faɗa, har ya ɗaga kansa ya zama mai cikakken iko da na'urar.

Maganin kuwa wallahi ba shi da wuya: kada ka yi lissafin da kanka. Rubuta kmalloc_array(n, 4, GFP_KERNEL). Ita za ta fara duba ko sau ɗin zai haura iyaka, idan zai haura sai ta dawo maka da NULL, ba ta ba ka komai ba. 'Yar uwarta kcalloc haka take yi, ta kuma share gurin da sifili, don kada ragowar bayanan wani, misali kalmar sirri, su biyo ka.

Kada wani ya ce ai kuskuren 'yan koyo ne. A 2018, a fitowar Linux 4.18, Kees Cook ya bi kanel ɗin lungu-lungu da wata manhaja mai suna Coccinelle, yana sauya irin wannan layi nawa da ƙwararru suka rubuta. A fitowar ce aka ƙaro array_size da struct_size, waɗanda idan lissafi ya yi ambaliya suke dawo da lamba mafi girma, yadda neman gurin zai faɗi dole.

Sai dai kmalloc_array ba ta ɗauke maka duk nauyi ba. Dole ka duba ko NULL aka dawo maka, in haka ne ka fita da -ENOMEM. Ka sa wa n iyaka mai ma'ana tun daga ƙofa, domin ko ba ambaliya, lamba mai girma za ta iya cinye memori. In ka gama, ka mayar da gurin da kfree, sau ɗaya, ba sau biyu ba.

Tun daga ranar, duk inda na ga alamar sau a cikin kmalloc sai in tsaya in tambayi kaina: wa ya kawo wannan lambar? In daga waje ta zo, ba na yarda da ita sai na auna. Masu shirin aikin kammala karatu a wannan fanni, ku buɗe abin da kuka rubuta yau ɗin nan ku duba, tun kafin malami ya tura muku tasa ƙatuwar lambar ranar kare aiki.