Ina Ungulayen Mahauta Suka Tafi?

Duk wanda ya girma a ƙasar Hausa ya san yadda mahauta take da hantsi a da: ungulaye jere bisa katanga, wasu a ƙasa suna tsalle-tsalle tsakanin mahautan, ba mai kula su. A yau yaro yakan gama sakandare a birni bai taɓa ganin ungulu da idonsa ba, sai dai ya ji ta a karin magana. Da yawa za su ce Allah ya raka taki gona, domin tsuntsuwa ce mummuna mai cin mushe. Kafin mai karatu ya yanke wannan hukunci, bari mu duba abin da ya auku a ƙasar Indiya, inda aka riga mu rasa ta.

Indiya ƙasa ce mai ɗimbin shanu, kuma mafi yawan mabiya addinin Hindu ba sa cin namansu. Idan saniya ta mutu, akan feɗe fatar, a bar sauran a fili. Miliyoyin ungulaye ne ke sauka su cinye, cikin ƙanƙanen lokaci sai ƙashi. A shekarun 1990 aka lura suna ta mutuwa, ba a san dalili ba. Sai a 2004 masu bincike da suka yi aiki a Pakistan suka bayyana cewa wani maganin rage zafin ciwo ne da ake yi wa shanu allurarsa, mai suna diklofenak. Idan dabbar ta mutu da maganin a jikinta, ungulun da ta ci naman sai ƙodarta ta daina aiki, ta mutu cikin 'yan kwanaki. Da yake taron dangi suke yi wa mushe, ko da gawa ɗaya ce cikin ɗari ke ɗauke da maganin ta isa ta yi ɓarna. Tsakanin 1992 da 2007, wani nau'i mai farin baya ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100.

To, me ya biyo baya? A nan ne ɗalibin ilmin halittu ya kamata ya natsu. Ruwan cikin ungulu yana da tsami ƙwarai, har yakan kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin ruɓaɓɓen nama. Wato cutar da ta shiga cikinta, yawanci nan take ƙarewa. Da ungulaye suka ɓace, mushe ya riƙa kwanaki yana ruɓewa a fili, wani kuma a jefa shi kogi, ruwan sha ya gurɓace. Karnukan da ba su da masu su suka sami abinci a banza, suka hayayyafa. Shi kuwa kare, ba kamar ungulu ba, yana shiga unguwa yana cizon yara, ga kuma ciwon haukan kare da ba a warkewa daga gare shi da zarar alamunsa sun bayyana. A 2024 wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, suka ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane kimanin 500,000 a Indiya tsakanin 2000 da 2005. Indiya da Pakistan da Nefal sun hana yi wa dabbobi wannan magani a 2006, amma aikin gama ya riga ya gama.

Mu dawo gida. Ungulun mahautanmu, wadda ke zaune kusa da mutane a Afirka ta Yamma, tun 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta sanya ta cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Namu dalilan daban ne. Babba daga ciki shi ne kama ta domin a sayar da kai da ƙafafu da fuka-fukai ga masu tsibbu. A 2020, a Gini Bisau kaɗai, an sami gawar ungulaye kusan 2,000 da aka kashe da guba, da yawa an yanke kawunansu. Akwai kuma makiyayin da ke zuba guba a mushe don kura ko dila, ungulu ta riga su sauka. Sannan ga sare manyan itatuwa. Hausawa na cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya. To, tsamiyar da rimin da take sheƙa a kai sun zama gawayi da katako.

Abin da ya fi damuna a matsayina na mai koyar da wannan fanni shi ne jinkirin haihuwarta. Zabuwa takan zuba ƙwai masu yawa a damina guda, amma ungulu ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, ɗan kuma sai ya yi shekaru kafin ya isa haihuwa. Abin da guba ta kashe da safe ɗaya, shekaru da dama ba za su mayar da shi ba.

Malaman makarantun sakandare na iya fara wani aiki da ba ya buƙatar kuɗi. A zaɓi rana ɗaya a kowane wata, ɗalibai su je mahautar garinsu da hantsi, su ƙidaya ungulayen da suka gani, su rubuta a littafi tare da kwanan wata, ko da sifiri ne. Su kuma tambayi Sarkin Fawa da tsofaffin mahauta shekarar da suka fara lura da raguwarsu.