Karnukan gadi a Tudun Wada: Abin da ɗaura wa kare taya ke yi wa jikinsa

Taɓarɓarewar tsaro a Zariya, musamman bayan harin da aka kai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli a watan Yunin 2021, ta sa magidanta da dama neman kariyar da hukuma ta kasa ba su. A Tudun Wada da unguwannin da ke kewaye da ita, masu hali kan sayi manyan karnukan waje irin su Boerboel, Rottweiler da German Shepherd. Daga nan sai matasa masu kiwonsu su shiga neman hanyar tara musu tsoka, ko dai ta ɗaura musu tsohuwar taya su ja, ko ta rataya musu sarƙa mai nauyi a wuya.

Inda aka fi cutar da dabbar shi ne batun shekaru. Ɗan kwikwiyon Boerboel mai wata takwas kan yi girman da zai ruɗi mai shi, alhali ƙashinsa bai gama ƙwari ba. A ƙarshen dogayen ƙasusuwa akwai guringuntsin da tsawo ke fitowa daga gare shi, kuma a manyan jinsuna ba ya rufewa sai tsakanin wata 12 zuwa 18, wasu ma har shekara biyu. Nauyin da aka ɗora kafin lokacin na iya lanƙwasa ƙafa, ko ya tsananta gurɓacewar gaɓar ƙugu, larurar da waɗannan jinsuna ke gada. Karen da aka saya da tsada domin gadi sai ya koma ɗingishi. Haka nan ɗura wa kwikwiyo maganin ƙarin sinadarin kalsiyam ba da izinin likita ba yana ɓata ginin ƙashi.

Sarƙar wuya kuwa ba ta da wata fa'ida, illa dai ta danne maƙogwaro da ƙashin wuya. Idan kare ya balaga kuma za a sa shi ja, ɗamarar da ke raba nauyi a ƙirji da kafaɗu ake amfani da ita, a fara da kaɗan, a riƙa ba shi ranar hutu.

Sai zafi. Kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. Zafin jikinsa kan tsaya tsakanin digiri 38 da 39, kuma da zarar ya haura 41 rayuwarsa na cikin haɗari. A bazarar Zariya, watannin Maris da Afrilu, gudu da rana kan kwalta na iya kashe shi, balle jinsin Caucasian mai gashi da aka yi domin duwatsu masu ƙanƙara. Bayan Asuba ko bayan faɗuwar rana ne lokacin atisaye, kuma ba a kan cikakken ciki ba, domin karnuka masu zurfin ƙirji tumbinsu na iya kumbura ya murɗe.

Abin lura, mafarautan ƙasar Hausa sun daɗe suna samun karnuka masu juriya ba tare da taya ba: doguwar tafiya a daji ce ke gina su.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabta. Tudun Wada unguwa ce mai cunkoso, yara da almajirai na bin lunguna dare da rana. Kare mai kilo 60 da aka ƙara wa ƙarfi ba a koya masa jin kira ba, barazana ce ga jama'a kafin ɓarawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya. Jami'ar Ahmadu Bello na da asibitin koyarwa na dabbobi a Samaru, inda za a iya duba ƙugun kare a yi masa rigakafi kafin a fara horo. Tabbatar da cewa masu karnuka sun yi hakan kuwa nauyi ne da ke kan hukumomin jiha da na ƙaramar hukuma.