"Pick up": Fi'ilin da Ke Kayar da 'Yan Lakwal a Magariya da Dungas

Ɗan Magariya ko Dungas ya fi ɗan Yamai jin Ingilishi a kunnensa, saboda Najeriya na dab da shi. Daga Magariya ana bi ta Tinkim a faɗa Babban Mutum a nufi Kano, mutanen Dungas kuma duk Alhamis suna kora dabbobi zuwa kasuwar Maigatari ta jihar Jigawa. Ga shi tun watan Maris na 2025 sabon kundin mulkin Nijar ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Duk da haka akwai wani rukunin fi'ilin Ingilishi da ke kayar da ɗalibanmu, wato wanda ake maƙala wa wata 'yar ƙaramar kalma a baya, ma'anarsa ta juye. "Pick up" na cikin waɗanda aka fi ji, kuma laifin wahalarsa yana ga hanyar da ake bi wajen koyar da shi.

Kalmar "pick" ita kaɗai zaɓe ce ko tsinka. Da an ƙara mata "up", sai ta zama ɗaukar abu daga ƙasa. Direba ya tsaya ya kwashi fasinja, shi ne. Waya ta yi ƙara ka ɗaga, shi ne. Jandarmomi sun yi awon gaba da wani, shi ne dai. Yaron da ya yi dako a Kano ya dawo da Ingilishi ba tare da ya taka aji ba, da wannan fi'ilin ake cewa ya tsinci harshen. Idan kuma ciniki ya farfaɗo bayan an buɗe iyaka, ko majiyyaci ya fara samun ƙarfi, nan ma shi ake kira, alhali babu hannun da ya ɗaga komai. Har motar nan da muke ce wa a-kori-kura, daga gare shi ta samo sunanta na Ingilishi.

Mushe, wato malami, a kwaleji yakan bi ta Faransanci, inda kusan kowace ma'ana take da nata fi'ilin: "ramasser" ga abin da ya faɗi, "décrocher" ga waya, "reprendre" ga kasuwa. Sai yaro ya ɗauka kalmomi biyar ko shida ke gabansa, ya haddace su a jere, ya manta bayan jarrabawa. Da ta Hausa aka bi, da ya ga abin ba baƙo ba ne. Bahaushe yana cin tuwo, yana cin bashi, yana cin amana, yana cin kasuwa, kuma bai taɓa ruɗewa ba, don ya san abokin tafiyar fi'ilin ne ke yanke ma'ana. Haka yake bambanta ɗauka da ɗauko da ɗauke tun kafin ya san allo. Aikin da wasalin ƙarshe yake yi mana, kusan shi "up" da "off" da "out" suke yi wa Bature.

Wani zai ce shigo da Hausa ajin Ingilishi zai sa yara su riƙa fassara kalma da kalma. Ai yanzu ma fassarar suke yi, har hawa biyu, daga Ingilishi zuwa Faransanci sannan zuwa Hausar da suke tunani da ita. Rage hawa ɗaya ba zai ƙara ruɗani ba. Wani kuma zai ce Ingilishin bakin iyaka ya wadatar, tunda a Najeriya da yawa "pick" kawai suke cewa idan za a ɗaga waya, kuma ana ganewa. A tasha ya wadatar, wannan gaskiya ne. Amma mai gyaran takardar jarrabawar BEPC ko BAC ba zai yafe "up" ɗin da aka yar ba, kuma zai duba ko wakilin suna ya shiga tsakiya, don "pick it up" ake cewa. Malaman Ingilishi na Magariya da Dungas su fara darasin nan da "ci" da "sha" kafin su buɗe ƙamus na Faransanci.