Fiya da Man Kaɗanya

Ɗan itacen nan da ake kira fiya, wanda ake samu a ƙasar Jos da Mambila, asalinsa daga Meksiko ne. Mutanen can na dā, watau Aztek, suna ce da shi ahuacatl. Sifaniyawa suka mai da sunan aguacate, Ingilishi kuwa suka ce avocado, kamar yadda likita Hans Sloane ya rubuta a 1696 cikin lissafin itatuwan Jamaika. Da yake ya yi kama da wani ɗan itacen Turai mai suna pear, sai suka liƙa masa wannan kuma, daga nan kalmar fiya ta fito. Matuƙan jiragen ruwansu sun riƙa shafa shi a biskit maimakon man shanu.

Amma kada a gwada shi da kaɗanya. Maiƙon fiya a tsoka yake, in ta nuna kwana kaɗan ta ruɓe. Na kaɗanya kuwa a ƙwara yake, yana daskarewa, ya yi watanni bai lalace ba. Da shi ake miya da sabulu, ake shafe jarirai, Turawa ma suna zuba shi cikin cakulan. Kaɗanya takan yi wajen shekara 15 kafin ta fara 'ya'ya, saboda haka lalle hakimai su hana talakawansu sare ta domin gawayi.