Motar da ɓarayi ke bari a ajiye, su tafi da rufinta

A ce ka fito da safe, ka tarar da motarka a inda ka ajiye ta, tayoyi huɗu cif, inji lafiya lau, amma babu rufi. Wannan shi ne abin da ke hana masu Mazda MX-5 barci a Amurka da Birtaniya, inda wannan 'yar ƙaramar motar gudu mai kujeru biyu ke da ɗimbin masoya.

Kamfanin Mazda na Japan ya fara nuna motar ne a bikin baje kolin motoci na Chicago a 1989, kuma a 2016 adadin da aka ƙera ya kai miliyan ɗaya. A Amurka an fi saninta da suna Miata.

Motar tana zuwa da rufin tamfol da ake naɗewa baya idan ana son shan iska. Wanda yake so kuma yana iya sayen rufi mai tauri da ake ɗorawa a lokacin sanyi, a cire idan gari ya yi ɗumi. A kan wannan rufi na biyu idon ɓarayi yake.

Me ya sa rufin?

Dalili na farko shi ne sauƙin cirewa. An yi rufin ne don mai mota ya sauke shi ba tare da kiran makanike ba. Sakatu ne ke riƙe da shi daga ciki, sai wasu ƙusoshi biyu a baya da yake maƙalewa a kansu. Nauyinsa kusan kilo 20 ne, don haka mutum biyu sun isa su ɗaga shi. Da zarar ɓarawo ya fasa gilashi ya zura hannu, aikin 'yan mintuna ne.

Na biyu shi ne kasuwa. Rufin motocin da aka ƙera daga 1989 zuwa 2005 yana hawa kan kowacce daga cikinsu, saboda haka masu nema suna da yawa, ga shi kuma na asali sai ƙara ƙaranci yake yi. Na hannu ma yakan haura dala dubu ɗaya, kuɗin da ba ƙaramin kaso ba ne na darajar tsohuwar motar baki ɗaya.

Na uku, mota tana da lamba da takardu, rufi kuwa galibi ba shi da wata shaida da za ta haɗa shi da mai shi. Idan aka sa shi kasuwa a intanet, da wuya ka iya rantsewa cewa naka ne.

Masu Honda S2000, wadda aka ƙera daga 1999 zuwa 2009, su ma sun san wannan ciwon. Su har kujerunsu ake kwancewa, domin ana ɗora su a wasu motocin Honda.

Dabarun da masu motocin ke bi

Ɓarawo ba ya son abin da zai ɓata masa lokaci, kuma a kan haka aka gina yawancin dabarun.

Da yawa suna cire sakatun gaba ɗaya, su maye gurbinsu da ƙarafan da ake ɗaurewa da noti, irin waɗanda masu tseren mota ke amfani da su. Sai a sa notin da sifana ko sukudireba na yau da kullum ba sa kwancewa. Illar ita ce shi ma mai motar ya rasa sauƙin cire rufin duk lokacin da ya ga dama.

Wasu suna zana lambar shasin motar a gilashin bayan rufin. Wannan ba baƙon abu ba ne ga direban Kano ko Kaduna da ya saba ganin lambar mota a jikin madubin gefe: kayan da ke ɗauke da shaida yana da wuyar sayarwa.

Akwai kuma masu ɓoye 'yar na'urar bin sawu a cikin rufin, kamar AirTag da Apple ya fitar a 2021. Ba ta hana sata, amma tana iya nuna wa 'yan sanda inda kayan ya nufa.

Ita kanta motar tana buƙatar tsaro. Tun 1998 doka ta wajabta wa sabbin motoci a Birtaniya na'urar da ke hana inji tashi sai da makullinsa na asali, amma samfuran farko na MX-5 sun girmi wannan doka. Shi ya sa masu su ke ƙara ƙarfen kulle sitiyari da ɓoyayyen makunnin da ke yanke wuta ko mai.

Idan kuma rufin tamfol ne kaɗai a kai, wasu ba sa ma kulle ƙofa. Sukan kwashe komai daga ciki, domin kada ɓarawo ya yage tamfol mai tsada da wuƙa saboda 'yan canjin da ya hango.

Hatta rufin da aka sauke ana so a ɗaure shi da sarƙa da kwaɗo a cikin gareji, a kuma ajiye hotunansa da rasit, a tabbatar inshora ta haɗa da shi.

Sauran alhakin yana wuyan masu saye. Duk wanda aka yi wa tayin rufi da araha, babu rasit, babu bayanin motar da ya fito daga kanta, ya kamata ya tambayi kansa motar wa aka bari a buɗe a daren jiya.